Jar Motar Baba Sannu-sannu

Zuwa ga taubashiyata Sifana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da kuma ƙartin motocin kamfanin simintin nan da kike wuni a ƙarƙashinsu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Antinki, uwargidana, da ke ɗan taɓa ta in an yi sanyi. Ni kuwa tun da na ajiye tuƙin bas ɗin makaranta na koma cin fansho, ba abin da ke damuna sai yawan barci.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnen hagu ya gaji, ke kuma ba kya barin mutum ya kai ƙarshen zance ba ki yi masa dariya ba. A takarda dole ki saurara. Direban tirelarku da ke sauke siminti a shagon bakin layinmu ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa.

To, gyara zama. Na sayi mota.

Ba irin wadda kike zato ba. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, salansa biyu na fitar hayaƙi a baya kamar hancin sa. Cikinta dab da ƙasa, duk wanda zai shige ta sai ya durƙusa mata. In na murza makulli tagogin maƙwabta har rawa suke yi. Ta hannu ce, a wurin wani likita na saye ta, uban ɗaya daga cikin yaran da nake ɗauka a da. Ta kwana biyu a duniya, amma fentinta ko ƙwarzane babu.

Kin san sunan da 'yan makaranta suka laƙaba min, Baba Sannu-sannu. Shekara talatin ina hannuna da bas cike da yara, irin waɗannan motoci suna wuce ni kamar an jefa dutse. Ban taɓa jin haushinsu ba, amma kullum nakan ce a raina, wata rana sai na ji abin da mai ita yake ji. Da aka ba ni kuɗin sallama na gyara rufin gida, na saya wa Antinki sabon keken ɗinki, abin da ya rage na kai wa likita. Ban ci na kowa ba, ban roƙi kowa ba.

Babban ɗana, Akanta, da ya zo ya gan ta sai ya riƙe baki. Ya ce, "Baba, wannan ai motar samari ce." Na ce, "To su samarin da kuɗin wa za su saya?" Antinki kuwa ta taga ta leƙo, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "A ina za a sa cefane?" Ta koma kan kekenta. Har yau ba ta shiga ba, wai ita ba ta zama a ƙasa da sunan hawa mota.

Ba zan ɓoye miki ba, tana da ci. Tayoyin baya sun suɗe, na canja su. Taya ɗaya, Sifana, kuɗinta ya sayi uku na motar haya har da canji. Baƙin manta ma ba na durom ba ne irin wanda muke ɗura wa bas, na galan ne mai hatimi. Amma in na fito da safe na yaye mata tamfol, rana ta haska ta, wallahi sai in ji duk na manta.

Ba shawara nake nema ba, sanar da ke nake yi, don ki san danginku sun yi gaba. Ki gai da maigidan.

Yayanki,
Sannu-sannu

*

Yaya Sannu-sannu,

Na amsa sallama, na kuma gode da gaisuwa. Muna lafiya. Ƙaramar ce ta yi ɗan zazzaɓi, ta warke har ta koma makaranta. A yi wa Anti sannu da gwiwa, ta rage taka keke da wannan ƙafar.

A bakin ramin gareji na karanta takardarka, na yi dariya har kanikawan da ke ƙarƙashina suka leƙo suna tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, kunkuru ne ya sayi dokin sukuwa. Tun kakarka da kakana suna raye nake jin ana cewa jinin gidanku akwai rigima a ɓoye, sai yanzu na yarda. Amma ban da wasa, na yi murna, Yaya. Kowa ya san yadda ka yi aikinka, ka cancanci abin da ranka yake so.

Ka ce ba shawara kake nema ba. To ni ma ba shawara zan ba ka ba, labari zan ba ka. Irin waɗannan motoci in sun kwana biyu ciwonsu sananne ne. Famfon ruwansu na roba ne, yakan tsage ba sallama. Baƙin mai yakan fara tsattsafowa ta gefen murfin inji, ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi, ka riƙa jin ƙauri. Fulogi da kwayil, masu ba inji wuta, ba sa daɗewa. Tunda cikinta a ƙasa yake, kowane tudun kan titi abokin gabarta ne, shokozoba kuwa, masu tare girgiza, biyu-biyu ake saye. Babban dodon shi ne tobo, wato abin da ke hura wa injin iska ya ba shi wannan ƙarfin. Ranar da ya mutu, fanshon wata huɗu ba zai tashe shi ba. Saboda haka kada ka yi mata rowar baƙin mai, kada ka zuba mata fetur ɗin bakin hanya.

Abin da ya fi tsada a jikinta ba kayan gyara ba ne, hannun da bai san ta ba ne. Wa ke duba maka ita? Kuma ina kake zuwa da ita? Ka faɗa min nisan tafiyarka da yadda kake taka ta, ina da dalili.

Ƙanwarka,
Sifana

*

Sifana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ƙaramar ta samu sauƙi. Antinki ta amsa sannu, ta ce keke ba ya taka kansa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka taso min gaba ɗaya.

Bakinki bai yi min daɗi ba, domin kamar kin yi mata baki. Bayan takardarki da ɗan lokaci ta fara rawa in tana tsaye, sitiyari yana kakkarwa a hannuna. Wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana ta ƙi mutuwa. Na kai ta wurin Tabarau, bakaniken da ya yi shekaru yana duba mana bas. Mutumin kirki ne, bai taɓa cuta ta ba. Ya ciro fulogi, baƙi ƙirin da kunkunniya. Aka canja su, aka haɗa da kwayil biyu, rabin fanshon wata ya tafi. Ta yi lafiya kwana kaɗan, rawa ta dawo. Batir ma ya mutu, sabo fil, sai da aka ba ta wuta. Birki kuma yana kuka da safe, Tabarau ya ce tsatsa ce a faifan.

Duk wannan mai sauƙi ne. Makon jiya Tabarau ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, sai ga wani farin abu a manne a ƙarƙashinsa, kamar madarar da ta yi kwana. Ya gyara tabaraunsa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, ruwa ya haɗu da mai. Gaskit ɗin da ke raba su ya ƙone. Sai an sauke kan inji." Na ce nawa? Abin da ya faɗa, da kaya da aiki, ya kai fanshon rabin shekara. Kuma ya ce shi kansa bai taɓa buɗe irin wannan injin ba, in an buɗe ba ya rantsuwa a kan abin da za a tarar.

Labari ya kai kunnen Akanta. Ya zo da daddaɗan lafazi, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, ya ce, "Baba, ba raina ka na yi ba. Amma wannan rami ne, kuma Mama tana buƙatar a duba mata gwiwa." Ya samo wani mai sayen motoci yana kwance su yana sayar da kayan. Na dubi Antinki ko za ta ce wani abu, ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Na ce a ba ni zuwa ƙarshen wata, in ba ta tashi ba a zo a ɗauka. Na faɗa da bakina a gaban ɗana, kin kuwa san ba na mayar da magana.

Kin tambayi yadda nake taka ta. Sifana, ko jariri ba a lallaɓawa kamar yadda nake lallaɓa motar nan. Kullum da safe nakan tashe ta ta ɗan yi ɗumi, in kashe, in goge ta, in rufe. In zan fita, iyakata kasuwar bayan layi ko ofishin fansho, tafiyar da ko da ƙafa ana yi. Ban taɓa barin allurar maleji ta wuce inda nake tsayar da ta bas ba. Ban taɓa sa ta ta yi ihu ba. Ruwanta da manta kuwa kullum sai na duba kafin in karya, kamar yadda na saba. To ki gaya min, wace mota ce za a yi wa wannan gatan ta saka wa mutum da haka?

Yanzu kam shawara nake nema. In kin san inda ake samun gaskit ɗin da sauƙi, ki taimaka.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba na jira. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka.

Kada ka bari kowa ya sa sifana a kan injin nan. Ka ji ni? Ko Tabarau, ko wanda ya koya wa Tabarau.

Ba gaskit nake zargi ba. Kai ne ciwon motar nan, Yaya. Gatan da kake yi mata shi ne yake kashe ta. An ƙera ta ne don ta yi zafi ta yi gudu, kai kuma ka mayar da ita amaryar lalle. Injin da ake tashinsa a kashe bai yi zafi ba, gumi yake tarawa a ciki, gumin ya cakuɗe da mai ya zama wannan farin abin da kuka gani. Fetur ɗin da bai ƙone sosai ba shi ne kunkunniyar fulogi. Batir ba ya samun tafiyar da za ta cika shi, birki ba ya samun takun da zai goge masa tsatsa. Duk ciwo ɗaya ne, zaman gida.

Tabarau bai yi ƙarya ba, a bas irin taku farin abin nan gaskit yake nufi, domin bas ba ta zama. Ga yadda za ka gane. Ka ce kullum kana duba ruwa. Yana raguwa? Salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan ta yi zafi? In amsar a'a ce, to ka juye baƙin mai ka zuba sabo, a wanke fulogi, ka fita da ita babbar hanya. Ka bari ta yi zafi tukuna, sannan ka taka ta iyakar abin da doka ta yarda, ka bar ta ta buɗe murya, kamar awa guda. Da ka dawo kada ka kashe nan take, ka bar tobo ya huce. Kuɗin wannan maganin tankin fetur ne da galan ɗin mai.

Sai dai ban sani ba ko ƙafar Baba Sannu-sannu ta san hanyar totur. In ba za ka iya ba, ka ba wani saurayi makullin ya yi maka.

Sifana

*

Yaya Sannu-sannu,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan lafiya, sai aiki da ya yi yawa, tirela biyu sun kwanta min lokaci guda.

Direba ya zo sau biyu hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce ya gan ka a ƙofar gida kana goge mota, ka amsa gaisuwarsa, ka ce babu saƙo. Na kira wayar Anti, ta ce tun ranar da ka karanta takardata ka ninke ta ka sa a aljihu, ba ka ƙara ambaton sunana ba. Ta ce ko abinci ba ka ci sosai.

Na zauna na tuna abin da na rubuta, na gane inda na taka ka. Na yi sauri ne, kuma na saba da bakin gareji. Maganar a ba saurayi makulli wasan taubasai ne, amma ban zaɓi ranar yinsa ba. Ka yafe min wannan.

Sauran maganar kuwa ba zan janye ba, domin gaskiya ce. Amma ka fahimce ni. Ban ce ba ka iya mota ba. Ni da nake ƙarama, in ana zancen direba a gidanmu sunanka ake kawowa. Ranar da na ce zan koyi kanikanci dangi suka yi min ca, kai kaɗai ka ce a bar yarinya, kai ka fara nuna min yadda ake duba mai a jikin bas ɗinka. Duk direban da aka kawo min gwaji a kamfanin nan, da kai nake auna shi, kuma har yau ban samu wanda ya kai ba. Shi ya sa nake jin zafi a ce motarka za ta ƙare a hannun masu kwance, a raba ta ƙofa daban fitila daban, a kan ciwon da ba ta da shi.

Wata ya kusa ƙarewa. Ko zagina za ka yi, ka rubuto.

Ƙanwarka

*

Sifana,

Na samu takardunki duka biyu. Muna lafiya. Ki gai da mutanen gida.

Na yafe, amma sai na faɗi abin da ke raina. Shekara talatin ban taɓa fasa ko fitilar baya ba. Injin bas ɗina shi kaɗai ne a makarantar da ba a taɓa saukewa ba. Sai ga shi da furfurata an rubuto min cewa ni ne ciwon mota. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga, kowane karatu sai in ji kamar an ce duk abin da na sani a duniya ba daidai ba ne.

Kina ganin ƙafata ba ta san hanyar totur ba. Ta sani. Hana ta na yi. Ke injuna kike ɗauka, ni 'ya'yan mutane na ɗauka. Kullum da safe uwa za ta miƙo min ɗanta a bakin ƙofar bas, ba ta ce min komai ba, amma na san abin da idonta yake faɗa. Da wannan na hora ƙafar nan har ta daina gardama. Yanzu in na hau motar nan na ɗan taɓa totur, na ji ta yunƙura, sai gabana ya faɗi, ƙafar ta janye da kanta. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro nake ji. Na sayi abin da nake so, na zo na tarar ba ni da zuciyar hawansa.

Amma kin yi tambaya, ga amsa. Ruwa bai ragu ba ko kaɗan, yana nan a kan layinsa tun ranar da na saye ta. Farin hayaƙi kuma babu, sai ɗan tururin safe. Na gaya wa Tabarau abin da kika ce. Ya ce, "Ita ta fi ni ganin irinsu. In ruwa bai ragu ba, a gwada nata kafin nawa." Ya juye mai, ya wanke fulogi, ya ƙi karɓar kuɗin aiki.

Yanzu tana nan a ƙarƙashin tamfol da sabon mai a cikinta. Mai kwance zai zo ranar Asabar da motar da za ta janye ta. Makullina kuwa ba zan ba wani saurayi ba. In ba ni na taka ta ba, gara a ɗauke ta.

Yayanki

*

Taubashiyata Sifana,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya ƙoshi. Lafiyarmu ƙalau. Ban jira amsarki ba, domin labarin nan ba zai iya kwana a cikina ba. Ki nemi wuri ki zauna, kada ki karanta a bakin rami ki faɗa.

Ranar Alhamis da hantsi na yaye tamfol, na tsaya ina kallonta, makulli a hannu. Na daɗe a haka. Sai na ji an rufe ƙofar gida da kwaɗo. Ina waiwayawa sai ga Antinki da mayafinta na unguwa da jakarta. Na ce, "Ina zuwa?" Ta ce, "In jibi za a ɗauke ta, ai sai in ga abin da aka yi ta yi wa hidima. Buɗe min." Sai da na riƙe mata hannu ta durƙusa ta shiga, tana yi wa gwiwarta faɗa. Na ɗaura mata bel da kaina.

Muka lallaɓa muka fita daga gari, ina kauce wa tudun titi. Muka hau babbar hanya, ga ta shimfiɗe ba kowa, allurar zafi ta hau inda kika ce. Na ce wa ƙafata bismilla, ta ƙi. Muna nan muna tafiyar bas. Can sai wata tifa cike da yashi ta matso bayanmu, ta yi mana hon, ta fita ta wuce mu tana zubar mana da tsakuwa. Antinki ta bi ta da kallo har ta yi nisa. Sannan ta juyo ta ce, "Malam, iya gudun ke nan?"

Na ce, "Ina tsoron kada in firgita ki."

Ta ce, "Ni na haifi biyar. Taka."

Sifana, na taka. Da farko ta yi tari, ta yi wata shaƙuwa, na ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe a madubi, na ce shi ke nan na kashe ta. Sai kawai na ji kamar an buɗe mata maƙogwaro. Wata murya ta fito daga bayanmu wadda ban taɓa ji ba tun da na saye ta, kujera ta manne min a baya, bishiyoyi suka fara gudu. Kafin in ƙifta ido mun cim ma tifar. Na ba da sigina kamar yadda aka koya min, na duba madubi, na wuce ta. Ban ƙetare abin da allon hanya ya rubuta ba, kada ki ce na lalace. Amma hannuna ya riƙe sitiyari daram. Ashe hannun yana nan, jira yake yi.

Na saci kallon Antinki, na ga ta riƙe mayafi da hannu ɗaya tana dariya, irin dariyar da rabona da ji tun muna gidan haya. Muka yi tafiya mai nisa, har wata gada da ban taɓa gani ba sai a bakin direbobi. Na tsaya a gefe na bar injin yana hucewa. Muna zaune, sai ta ce, "Shekara talatin kana kai 'ya'yan mutane kana dawo da su. Yau ce rana ta farko da ka ɗauke ni ba don asibiti ko gaisuwar mutuwa ba." Na yi kamar ina gyara madubi, don kada ta ga idona.

Da muka dawo na wuce wurin Tabarau. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa ya goge ta da na'ura, ba ta sake kamawa ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, mota na aiki, ko motsi babu. Ya buɗe murfin mai, farin abin ya tafi sai ɗan kaɗan a gefe. Ya gwada ƙarfin ruwa da famfonsa, bai sauka ba, alamar ba inda yake yoyo. Ya cire tabarau ya ce in gaishe ki, in ce miki ya sara.

Ranar Asabar mai kwance ya zo da motar janye motoci, Akanta na biye. Na fito zan yi magana, Antinki ta riga ni. Ta ce wa mutumin ya yi haƙuri da wahalar da ya sha, mota ba ta sayarwa ba ce. Akanta ya ce, "Mama, ke da ba kya son ta? Gwiwar fa? Tayoyin fa?" Ta ce, "Gwiwa kai za ka kai ni a duba, ai don haka na haife ka. Taya kuwa in ta suɗe, ta gaba guda da kuɗin ɗinkina za a saye ta. Babanka ya gama yi wa mutane tuƙi, yanzu nawa zai yi." Yaron nan ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya yi dariya, ya sallami mai kwance da kuɗin mai daga aljihunsa. Kafin Akanta ya tafi ya tambaya ko wata rana za a ɗan zaga da shi. Na ce ya bi layi.

Ba na ce ta daina ci ba. Na fara jin ƙaurin nan da kika faɗa, Tabarau ya ce robar murfin inji ce take tsattsafo da mai, gyaran ba mai yawa ba ne. Ki sa a nemo min mai kyau a wajenku, ki ba direba, zan aiko da kuɗin. Famfon ruwan ma zan fara tanadinsa tun bai tsage ba.

Kin yi gaskiya, na faɗa sau ɗaya, kada ki sa ran na biyu. Duk wanda ya tambaye ni wa ya tashi motar nan, nakan ce ƙanwata ce, shugabar gareji guda, daga nesa ta gano ciwon ba ta ko taɓa ta ba.

Bari in tsaya nan. Yau ranar fitarmu ce, Antinki ta riga ta shiga ta ɗaura bel da kanta, tana ta danna min hon maƙwabta na leƙe.

Yayanki,
Sannu-sannu